Laraba, da maganar Goggo a raina

Wuta ta kwana, an yi guga, kunun gyaɗa ya yi daɗi. Har azahar lafiya lau.

Bayan la'asar Goggo ta kira. Auta, mai otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), ya sake buga goshi a bango, sai yayansa ya kifa shi a tabarma, ya danne masa baya har ya yi laushi. Na ce, "Goggo, don Allah kada a ƙara." Ta ce, "Ai yana ta ihu, mai ihu kuwa yana numfashi."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Fitar da iska kaɗan ya isa a yi ihu, shaƙar ta ce take gagara idan nauyi yana kan baya, domin ƙirji da ciki ba sa samun wurin buɗewa. Yaron yana fizge-fizgen neman iska, mai riƙon yana ɗauka taurin kai ne, sai ya ƙara dannawa. Laushin da ake murna da shi wani lokaci suma ce. Haka ma zaunar da yaro a tanƙwara shi gaba, ko riƙe wuya, ko ɗaure hannu da ɗankwali, duk haɗari ne.

Na ce mata idan ya fara buga kan, a sa matashi tsakanin kansa da bango, a kashe rediyo, a fitar da yara, mutum ɗaya ya yi magana, gajeriya, a hankali. Riƙo sai in zai ji mummunan rauni ko zai faɗa titi, shi ma daga gefe, a damtse, fuska a buɗe, a sake shi da zarar haɗarin ya wuce. In ya yi amai bayan buguwa, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, ko tafiyarsa ta canza, asibiti kai tsaye.

Yaro mai otizim da ba ya magana, da jikinsa yake kai ƙara. Ciwon kunne, haƙori, taurin bayan gida, su ake fara dubawa. Sannan a samu littafi a riƙa rubuta lokaci, abin da ya faru kafin, da abin da aka yi masa bayan nan. Cikin mako biyu sau da yawa dalilin yakan fito: yunwa, ƙarar janareto, ko an karɓe masa abu ba gargaɗi.

Goggo ta ce, "To, Allah ya ba mu ikon yi." Muryarta duk gajiya. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu.

Tuwon dare bai shiga ba. Gobe da sassafe zan kira yayan nasa da kaina, a kuma kai Auta a duba kunnensa.