Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rigar Faransa

Makon jiya na tsaya a inda aka raba mana aikin zango na biyu. Ni abin da ya faɗo mini shi ne rigar matan fadar Faransa ta wajen 1760, wadda bayanta ke zubowa tun daga kafaɗa har ƙasa. Malama ta ce ba takarda, ba zanen awo. A jikin mutum-mutumi za a gina ta, da akoko da fil kawai.

Goggo, Allah ya jiƙanta, kullum ta gan ni da almakashi sai ta ce, "Abin da almakashi ya ci ba ya amayarwa." Tun ina 'yar shekara tara nake jin wannan magana, amma ranar da nake buƙatarta ban tuna ba.

Sai da na fara ɗaura wa mutum-mutumin ƙwarangwal ɗin ƙugu, wanda Faransawa ke kira kwando, shi ke buɗa rigar hagu da dama. Na ɗora shafi mai kama jiki, sannan na rataya yadin daga wuya. Ya yi mini yawa a baya, yana ta tudu. Na ɗauki almakashi na rage shi.

Malama ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta yi mini magana ba. Ta zare fil ɗina ɗaya bayan ɗaya, tana zubawa a tafin hannuna, har yadin ya zube ƙasa a gaban 'yan aji. Ta ce da su, ba da ni ba, "Ku ga wadda ta zo da hannun tela mai sauri." Har yau ina jin ƙaiƙayin fil ɗin nan a hannuna. Gyara ɗalibi daban, tozarta shi daban, kuma ta san haka.

Gaskiyarta ɗaya dai. Silikin wancan zamani faɗinsa bai fi inci 20 da 'yan kai ba, ga tsada, don haka ba a yanka shi barkatai. Haɗa tsayi da tsayi ake yi, a ninke rarar a baya ninki kan ninki, a kama 'yan inci kaɗan daga sama, sauran a sake shi ya zuba. Shi ya sa ake iya farke riga bayan shekaru a sake mata fasali. Kuma duka da hannu ake ɗinkawa, keken Singer bai fito ba sai 1851. Abin da na yanke shi ne rigar kanta.

Shekaru bayan haka, da na tsaya gaban irinta a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, ba Malama na tuna ba, Goggo na tuna, har hawaye suka zubo mini. Amma ban kai nan ba tukuna.

Kwana huɗu na yi ina ninkewa ina warwarewa, almakashi na cikin jaka. A dare na huɗu ninkin ya kwanta da kansa, biyu a dama biyu a hagu, zaren tsaye ya miƙe sak har ƙasa. Da safe Malama ta zagaya shi sau biyu, ta sa yatsa ta ɗaga ninkin, ta wuce. Ko sannu ba ta ce mini ba.

Sauran hannun riga, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.