Daren da "eh" ta ƙi zama "eh"

A zangon farko da muka fara koyon Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, malaminmu ya ba mu aikin gida da na raina tun kafin in taɓa shi. Ƙaramar manhaja ce da za ta riƙa karɓar sunan ɗalibi da makinsa, bayan kowane suna ta tambaya, "Akwai saura?" In an rubuta eh ta ci gaba, in an rubuta wani abu daban ta tsaya ta fitar da jimla. Bayan sallar isha na buɗe kwamfuta da niyyar gamawa kafin shayina ya huce. Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na rufe ta, an ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa, aikin kuma yana nan inda yake.

Layin da ya hana ni barci shi ne if (amsa == "eh"), wato in amsar daidai take da eh. Duk lokacin da na rubuta eh, sai manhajar ta tsaya kamar na ce a'a. Na sa ta buga min abin da ke cikin amsa, ta buga eh. E da h, babu ƙari babu ragi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, da farko na gwada layin ta hanyar rubuta String amsa = "eh" a cikin kod ɗin, kuma ya yi aiki lafiya lau. Sai da na koma karɓar amsar daga allon rubutu da Scanner, mai karanta abin da mutum ya buga, abin ya lalace. Don haka duk zargina ya tafi kan Scanner, na yi ta sauya shi ina mayarwa, ban ko kalli alamar == ba.

Washegari a ɗakin kwamfuta na nuna wa wani ɗan aji uku. Ko zama bai yi ba, ya leƙa ta kafaɗata ya yi dariya, ya ce, "Malam, kai ma ka biya kuɗin shiga ke nan." Ya zaro takardun naira ɗari biyu guda biyu daga aljihu ya ajiye a kan tebur. "Waɗannan ɗaya ne?" Na ce ɗaya ne mana. Ya ce in karanta lambar da ke jikin kowace. Lambobin sun bambanta. "To, mai shago darajarsu yake tambaya. Kai kuma tun jiya tambayar da kake yi wa kwamfuta ita ce ko takarda guda ce."

Daga nan abin ya fara warwarewa. A Java, mazubi suna ne da ake ajiye bayani a ƙarƙashinsa, kamar amsa. Mazubin int, na lambobi, ƙimar lambar ce a cikinsa, shi ya sa 5 == 5 ba ta ba kowa wahala. Amma String, wato rubutu, abu ne mai zaman kansa a ma'adanar kwamfuta, mazubinsa kuwa kwatancen inda abin yake kawai ya riƙe. Alamar == abin da ke cikin mazuban take gwadawa, wato kwatance da kwatance. Mai buɗewa ta duba haruffa ɗaya bayan ɗaya ita ce equals. Gyaran duka bai wuce amsa.equals("eh") ba.

Saura tambayar da ta fi damuna: me ya sa gwajina na farko ya yi aiki? Java tana da wani rumbu da take tara duk rubutun da aka sa kai tsaye tsakanin alamomin zance a cikin kod. In ka rubuta "eh" sau goma a wurare goma, kwafi ɗaya take ajiyewa, duka goman su nuna shi. Kwatancen ya zo ɗaya, sai == ta ce gaskiya ne. Abin da mutum ya buga da hannunsa kuwa sabon abu ake ƙera masa a wani wuri daban. Wannan ne, a ganina, ya sa kuskuren yake da mugunta. Kompaila, mai fassara wa kwamfuta kod ɗinka, ba ta yi maka ko tari, gwajinka na cikin ɗaki ya wuce, sai ranar da wani ya zauna gaban manhajar ta ba ka kunya. Wanda ya fara da Python ko C# ya fi saurin faɗawa, don a can == haruffan take dubawa. Na daɗe ina jin haushin Java kan wannan, ko da yake yanzu na yarda ba ta saɓa ƙa'idarta ba, ni ne ban san ƙa'idar ba.

Sauran tarkunan na kusa ba su ɗauke ni lokaci ba. Wani zai rubuta Eh, wani EH, wani ya bar fili a ƙarshe, sai trim mai cire fili da equalsIgnoreCase marar kula da girman harafi su share wannan. Ranar da na sa akwatin tambaya na JOptionPane wani ya danna soke, amsa ta dawo null, wato babu komai, manhajar ta faɗi da kuskuren NullPointerException. Tun daga nan nake juya layin zuwa "eh".equals(amsa), wanda null ba ya kayarwa, ko in yi amfani da Objects.equals, wadda ta shigo da Java 7 a 2011.

Na ɗauka na gama da wannan babi, sai da na fara aiki aka ba ni rajistar sunayen mutanenmu in tace maimaici. Nan na ga equals ma iyakarta lambobin haruffa. Sa'adatu ta fito sau biyu, ido ba ya ganin bambanci, manhaja ta ce mutum biyu ne. Ashe ɗaya an buga ta da miƙaƙƙiyar alama mai lamba 39 a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ɗayar kuma waya ta lanƙwasa mata ita zuwa mai lamba 8217. Ga Ƙasimu da Kasimu, ga masu rubuta 'y irin na Najeriya da masu rubuta ƴ irin na Nijar. Da na jera sunayen da compareTo, sai Ɗanladi ya koma can ƙasan Zainab, saboda Z lambarta 90, Ɗ kuma 394. Sai da na zauna na rubuta wa RuleBasedCollator, mai jera kalmomi bisa ƙa'idar da ka ba shi, jerin baƙaƙen Hausa da hannuna kafin ɗ ta dawo bayan d, ƙ ta dawo bayan k.

Abokin aikina ya ce mu sauƙaƙa wa kanmu, mu cire duk lanƙwasa kafin gwadawa. Na ƙi, don baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne, haka kasa da ƙasa. Abin da muka tsaya a kai shi ne sunan ya zauna yadda mai shi ya rubuta, a gefe kuma mu ajiye kwafi marar lanƙwasa, mai ƙananan haruffa da alama iri ɗaya, don bincike kawai. In kwafi biyu suka zo ɗaya, manhajar ba ta haɗe su da kanta. Jera su take yi gefe da gefe, ma'aikaciyar rajista ta duba ranar haihuwa da unguwa, ita ta yanke.