Tsintau da jakar Yaya

Asabar, Jos. Yau kwanan karena Tsintau 19 a gidan nan.

Ƙarfe biyar da rabi na tashi, sanyin hunturu na ratsa ƙashi. Ina idar da sallar asuba na sa masa igiya muka fita tsakar gida, gindin gwaiba, wurin da nake kai shi kullum. Mun kai minti goma a tsaye, yana shinshine-shinshine yana rawar sanyi, ni ma haka. Da ya tsuguna ya yi, tun bai gama miƙewa ba na ce masa "yauwa, yaron kirki", na miƙa masa ɗan yankan dafaffiyar hanta. Likitan dabbobi ya ja mini kunne a kan wannan: in aka bari sai an koma ɗaki sannan a ba shi, zai ɗauka ladan shiga ɗaki ne.

A bakin kwata na tsince shi, a hanyar Bukuru. Ɗan ƙaramin kare ne mai dogon gashi, irin wanda ake kira Lasa, gashin ya cukurkuɗe da laka, kunnuwa cike da kaska, ga sawun igiya ya ci masa wuya. Da likitan dabbobi ya duba haƙoransa ya ce zai kai shekara uku. An yi masa allurar ciwon haukan kare, an ba shi maganin tsutsar ciki, an aske gashin tas. Askin nan ne ya sa ban iya barinsa waje ba, don sanyin Jos a wannan watan ba ya raga wa mai gashi ma, balle wanda aka yi wa ƙwal. Yana kwana a lungun kicin, yana shiga falo in ina nan. Ɗakin kwanana, inda nake salla, ƙofarsa a rufe take ko da yaushe.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Yaya ya iso daga Zariya. Ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa, muna cikin gaisawa, ina tambayarsa su Mama da yara, sai na hango Tsintau ya zagaya jakar sau biyu, ya ɗaga ƙafa. Ɗigo huɗu ko biyar ne, amma a kan jakar da kayan sallarsa ke ciki. Yaya ya yi salati ya ce, "Ke, kare a falo? Kin san hukuncin wannan najasar kuwa?" Kunya ta rufe ni, na daka wa Tsintau tsawa da ƙarfin da ban taɓa yi ba. Ya kwanta rub da ciki, ya maƙale wutsiya, ya kawar da kai, sai ga wani fitsarin yana malala a ƙarƙashinsa.

Na tsaya ina kallon tayil ɗin. Fitsari biyu cikin minti ɗaya, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ya zaɓi wurin, ya auna, ya ɗiga. Na biyu kubce masa ya yi don tsoro, kuma ni na jawo. Kwana 19 ina lissafa su duka a matsayin rashin ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wanda ya ɗaure shi har igiya ta ci masa wuya wataƙila da irin wannan muryar yake yi masa magana.

Na ba Yaya haƙuri, na ce, "Gaskiyarka ce, Yaya, najasa ce, shi ya sa ma abin ya hana ni barci." Allah ya sa bai ratsa ciki ba. Na kwashe kayan, na wanke jakar na shanya.

Dama yau muke da alƙawari da likita, ƙarfe biyu. Jiya ya ce in tari fitsarin safe a kwalba mai tsabta, to da shi na tafi. Dalilinsa shi ne kafin a ce kare ba shi da tarbiyya, sai an tabbatar ba ciwo ke damunsa ba: ciwon mafitsara, tsakuwa a mara, ko ciwon suga, duk suna sa kare yawan fitsari a inda bai kamata ba. Na Tsintau ya fito lafiya lau, alhamdu lillahi.

Da na ba shi labarin jakar, ko kaɗan bai yi mamaki ba. Ya ce, "Hajiya, wannan sa hannu ne." Kare da hanci yake karanta duniya. Jakar da ta sha hanya daga Zariya, ta zauna a tasha, ta kwana a but ɗin mota, ta shigo masa da ƙamshin baƙi iri-iri, shi kuma bai gama yarda nan gidansa ba ne, sai ya ɗora nasa a kai. Alamar sa hannu ita ce ɗan kaɗan ne, a jikin abu mai tsayi, kuma yawanci sabon abu. Wanda mara ta cika masa kuwa tafki yake yi a ƙasa, sau da yawa kusa da ƙofa. Har ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka a 2018, inda aka ga ƙananan karnuka sun fi manya ɗaga ƙafa sama in za su yi, ta yadda alamarsu za ta hau can sama kamar ta babban kare. Na tuna yadda Tsintau ke karkacewa har ya kusa faɗuwa, tausayinsa ya sake kama ni.

Mun tsayar da maganar dandaƙa nan da mako biyu, in ya ƙara ƙiba. Likita bai ɓoye mini ba: tana rage wannan hali ga karnuka da yawa, amma wanda ya shekara uku yana yi, abin ya zame masa jiki, sai an haɗa da horo. Ya kuma hana ni abin da nake yi tun ranar farko, wato goge wurin da bilic. Ya ce haɗuwarsa da fitsari na tayar da hayaƙi mai cutar da ƙirji, kuma ko hancina ya daina ji, na kare bai daina ba. Duk wani ruwan wanki mai amoniya ya fi muni, don warinsa ɗan'uwan warin fitsari ne, kamar gayyata ce. Akwai ruwan wanki na musamman da ke narkar da fitsarin dabbobi, ana samu a shagunan kayan karnuka. Kafin in samo, ya ce in tsane wurin da tsumma, in zuba ruwan khal da aka sirka da ruwa, in ya sha iska in barbaɗa bekin soda.

Bayan magariba aka ɗauke wuta, sai na tuna ya ce busasshen fitsari na ƙyalli a ƙarƙashin irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Na aro ta wurin mai shagon bakin layi. Abin da na gani ya sa na zauna a ƙasa. Ƙafar kujerar da baƙi ke zama. Gefen labulen ƙofar shiga, har wuri uku. Tukunyar gas da aka kawo ranar Talata. Kwandon takalma. A lungun da yake kwana da wurin kwanon abincinsa kuwa, ko ɗigo babu. Duk inda ya sa hannu, ko dai hanyar shigowar mutane ce, ko abin da ya zo daga waje.

Ban san lokacin da Yaya ya fito ba. Ya tsaya a kaina, can ya ce, "Kawo fitilar, ki yi da hannu biyu." Shi ke haskawa ni ke gogewa, har muka gama falon. Labulen na cire na jiƙa, kwandon takalman na mayar waje.

Daga gobe ga tsarin da zan bi. Muddin yana falo, igiyarsa na ɗaure a ƙuguna, inda na sa ƙafa nan zai sa. In zan fita ko ina girki, sai keji, da tsohon bargo a ciki, don kare ba ya son ɓata makwancinsa. Fita gindin gwaiba duk bayan awa biyu, da kuma in ya tashi daga barci, in ya ci abinci, in ya gama wasa. Na yanka tsohon zani na ɗinka masa ɗamara mai auduga a ciki saboda ranar da baƙi za su zo, amma likita ya ce in ta jiƙe a cire nan take, in ba haka ba fitsarin zai ƙona masa fata. Kayan baƙo kuma ba za su sake taɓa ƙasa ba. Tsawa na bar ta. In na kama shi yana shirin ɗaga ƙafa, tafi ɗaya zan yi, in ɗauke shi mu fita.

Ƙarfe goma muka yi fitar ƙarshe. Ya daɗe yana zagaye, ya yi, ya juyo yana kallon hannuna tun kafin in buɗe ledar hantar. Wannan ne karo na farko da ya nemi ladansa da kansa. Yaya na tsaye a baranda da bargo a kafaɗa, ya ce shi dai har yanzu yana ganin in sanyi ya wuce a gina masa ɗan ɗaki a tsakar gida. Na ce mu ga watan Maris.

Na saita agogo ƙarfe uku na dare. Jakar Yaya ta bushe, tana saman kwaba.