In dukiya ta faɗo wa jarumar littafi, me ya sa ba ta ci?

Duk wadda ta saba karanta littattafan soyayya na Kirista, irin waɗanda ake bugowa a Amurka da Kanada mu kuma mu saye su kwance a hannun masu tsofaffin littattafai a gefen titi nan Jos, ta san wani salo da marubutan nan ba sa gajiya da shi. Yarinya ce mai tsoron Allah, malamar firamare ce ko nas a wani ɗan ƙaramin gari, bashi ya yi mata katutu, motarta kullum a wajen makaniki, kwatsam sai ga wasiƙa daga lauya wai wata gwaggonta da ba ta ma san da ita ba ta rasu ta bar mata gida da gona da kuɗi a banki. Da na kai wannan shafin zuciyata sai ta hau bugawa dan murna, ina cewa yauwa, yau dai baiwar Allahn nan za ta huta. Amma ina. Kafin littafin ya ƙare ta gyara rufin coci, ta buɗe gidan marayu, ta biya wa maƙwabci kuɗin asibiti, gonar kuma ta zama wajen taron matasa, ita ko tana nan da tsohuwar rigar sanyinta da aka faɗa mana tun babi na farko gwiwar hannunta ta yage.

Ina son littattafan nan, kar a ce ba na so. Tun 1997 da kamfanin Harlequin ya buɗe sashen Love Inspired suke ta kwararowa wata bayan wata, ga na Bethany House da ke Minnesota, ga kuma waɗanda ake rubutawa kan mutanen Amish na Pennsylvania masu keken doki da ba sa jawo wutar lantarki gidajensu. Sun ba ni abun da nake nema, soyayya mai tsabta da mutum zai karanta a falo ba sai ya ɓoye bangon littafin ba, saurayi da budurwa suna addu'a kafin su yanke shawara, kuma a ƙarshe a yi aure. Abun da ke damuna ɗaya ne, kuma na daɗe ina juya shi a raina. A cikin labaran nan mace tana jin daɗin kuɗi ne kawai in namiji ne ya kashe mata. In attajirin saurayi ya kai ta kanti ya saya mata riga mai tsada, marubuciyar za ta cika shafi biyu tana kwatanta yadda yadin yake sheƙi, wannan ƙauna ce, albarka ce. In ita ta ɗauki kuɗinta na halal ta saya wa kanta rigar nan ɗaya tak, to shi kenan an fara nuna mana girman kai ya shige ta, sai ta tuba a babi na gaba.

Mu ma haka aka rene mu ai. Ki je taron Zumuntar Mata ki ce, mama, in aka ba ki naira miliyan ɗari yau, an ce sharaɗin shi ne a kanki kaɗai za ki kashe, me za ki yi? Za ta ce kuɗin makarantar yara. Ki ce a'a mama, an biya wannan. Za ta ce to ta gina wa maigida shago. Ki ce shi ma an sallame shi. Sai ta ce ta kammala ginin majami'a, ta saya wa fasto mota, ta kai tsohuwarta asibiti, har ki gaji ba za ta ambaci abu ɗaya da zai taɓa jikinta ba, kuma ba wai ƙarya take ba ko neman a yabe ta, da gaske tunanin bai taɓa samun wajen zama a kanta ba. Tun muna yara muke jin wanda ya ci shi kaɗai shi kaɗai zai mutu, kuma maganar gaskiya ce, amma an maimaita mana ita har wasunmu suka daina ci gaba ɗaya.

To ni na zauna na amsa tambayar da gaske. Zakka na fitar tun farko, wannan ba nawa ba ne balle a sa shi a lissafi, baiko na godiya ma na ajiye gefe, iyaye da ƙanne a ce an riga an share musu hawaye. Saura nawa.

Fili zan fara saya. Ba na haya ba, ba na gado da za a zo ana taron dangi a kai ba, fili da sunana a jikin takardar mallaka, sunana ni kaɗai, can wajen gari ta hanyar Miango inda duwatsu suke kuma iska take da sanyi. Na ga abun da ke faruwa da mata a garuruwanmu in miji ya rasu, ana cikin makoki 'yan'uwansa sun fara tambayar ina takardun gida, matar da ta ɗauki bulo a ka lokacin gini sai ta koma ɗakin ƙanwarta da yara. Wannan tsoron yana kwance a zuciyar mata da yawa ko da aurensu lafiya lau yake, ni kuma ina son in kwana ba tare da shi ba. Kuma ban ƙirƙiro wannan sha'awar ba. A Littafin Ƙidaya sura 27 'ya'yan Zelofehad su biyar, duk mata, suka tsaya gaban Musa da dukan jama'a suka ce mahaifinmu bai bar ɗa namiji ba, a ba mu gādonsa, Ubangiji kuwa ya ce maganarsu daidai ce. Ba a ce musu ku je ku yi haƙuri Allah zai tanada ba, ƙasa aka ba su.

A filin nan abu na farko kafin ma bulo shi ne ruwa, rijiyar burtsatse da tanki da sola mai jan famfo, dan na gaji da jarka da jiran mai ruwa da lissafin bokiti nawa ya rage kafin a yi wanki. A nan kullum nake tuna Aksa 'yar Kalibu, labarinta yana Joshuwa 15, kuma a ganina in da marubutan soyayya na Kirista suna neman jaruma ga ta nan an ajiye musu. Babanta ya ce duk wanda ya ci garin Kiriyat-sefer da yaƙi shi zai ba ta, Otniyel ya je ya ci, aka yi aure, aka ba su ƙasa a Negeb wajen da babu ruwa. Amarya ce fa, lokacin da ake son ta sunkuyar da kai ta ce an gode, amma ta hau jakinta ta je wurin babanta ta sauka, ya ce me kike so, ta ce tun da busasshiyar ƙasa ka ba ni to ka haɗa mini da maɓuɓɓugan ruwa. Ya ba ta na tudu ya ba ta na kwari. Ba inda aka rubuta cewa ta yi rashin kunya ko kwaɗayi.

Gidan ba babba nake so ba, ɗaki biyu da kicin mai taga babba ya ishe ni, amma dole a samu ɗaki guda na littattafai mai ƙofa da makulli, kanta daga ƙasa har sama, kujera mai laushi wadda bayan mutum ba zai yi ciwo ba, tebur kusa da taga, da wutar sola da ba ruwanta da an kawo ko an ɗauke. Littattafaina yanzun suna cikin kwali da Ghana-must-go a ƙarƙashin gado, damina ta lalata wasu, wasu an ara ba a dawo da su ba. Ina son in saye su sababbi fil, in ji ƙanshin takardar da ba wanda ya taɓa buɗewa, in saya duka jerin daga na farko har na ƙarshe ba wai in samu na 2 da na 5 in yi ta hasashen abun da ya faru a tsakani ba.

Sai jikina. Wannan shi ne wanda ya fi min wuyar rubutawa kuma shi ya fi muhimmanci. Zan je asibiti lafiyata lau a duba ni daga kai har ƙafa, jini, ido, haƙori, mama, mahaifa, duk gwajin da muke ɗagewa sai shekara mai zuwa sabida kuɗin ya fi amfani a wani waje. Matanmu da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya kwantar da su, kuma in kika bincika ba rashin sani ba ne, sun dai sa kansu a ƙarshen layi ne. Zan yi sabon tabarau mai kyau. Zan sayi katifa ta gaske. Atamfa kuma zan shiga kasuwa in zaɓi holan da leshi da idona ya so, kalar da ni nake so, ba anko na biki ko na zumunta da wata ta zaɓa aka ce kowa ya kawo kuɗi ba, in kai wa tela mai hannu in ce ba sauri nake ba.

Matar nan ta Karin Magana 31 da ake karanta mana a kowane bikin aure da kowace ranar mata, an fi tsayawa a kan tashinta tun da sauran dare da yadda take buɗe hannu ga matalauta, kuma duk suna nan a rubuce. Amma aya ta 16 ta ce ta duba gona ta saya, da ribar hannunta ta dasa inabi, aya ta 22 kuma ta ce tufafinta na lallausan lilin ne da shunayya, kuma shunayya a wancan zamanin kayan sarakuna da attajirai ne. Mace ɗaya ce ta yi duka, ta ciyar da mabukata kuma ta sa kaya masu tsada, ba a ce ɗaya ya soke ɗaya ba. Ban cika jin an yi wa'azi a kan aya ta 22 ba.

Na san abun da wata za ta ce, ina wawan mai arzikin nan na Luka 12 da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya ya ce wa ransa ci, sha, ka yi murna, a daren kuma aka karɓi ransa? Ina tsoron wannan misalin, kuma ya kamata a ji tsoronsa, musamman yanzun da wasu masu wa'azi suka mai da bagade wajen tallan arziki. Amma ki karanta maganar mutumin da kyau, daga farko har ƙarshe ba Allah a ciki ba maƙwabci, amfanina, rumbunana, raina, kuma hukuncin da Yesu ya yanke shi ne ya tara wa kansa amma ba shi da arziki a wurin Allah. Matar da ta ba da zakkarta ta riƙe danginta shekara da shekaru sannan ta sayi katifa ba ita ake nufi ba. Bulus da kansa a 1 Timoti 6, a wajen da yake gargaɗin masu dukiya kar su dogara da ita, a cikin ayar nan ta 17 ya ce Allah yana ba mu kome a yalwace domin mu ji daɗinsa, sannan a ta 18 ya ce su zama masu bayarwa. Mai Hadishi 5:19 ma ya ce in Allah ya ba mutum dukiya ya kuma ba shi ikon cin moriyarta, wannan kyautar Allah ce. Wato ikon ci ɗin ma kyauta ne daban, kuma ina ganin shi ne da yawanmu ba mu karɓa ba.

Hutu ma zan saya. Sati biyu a Yankari, in shiga ruwan Wikki mai ɗumi da sassafe kafin mutane su cika, ba girki ba wanke-wanke ba wanda zai ƙwala min kira. Mishanonin SIM da suka fara shigowa ƙasar nan a 1893, waɗanda ikilisiyar ECWA ta fito daga aikinsu, mutane ne da suka bar komai har wasunsu suka mutu da zazzaɓi, amma 'yan SIM ɗin ne daga baya suka gina gidan hutu a Miango sabida sun gane ma'aikacin da bai huta ba ba ya daɗewa. Daga nan in je Isra'ila a natse, in tsaya a Baitalami in ga ƙasar da Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, in zauna bakin Tekun Galili har in gaji dan kaina ba mai cewa a koma mota lokaci ya ƙure.

Abun da ya rage zan sayi shekara ɗaya da shi, in ajiye aiki in zauna a ɗakin littattafan nan in rubuta labarin soyayya na Kirista da Hausa. Marubutan Kano tun shekarun 1980 suke rubuta soyayya da harshen nan, mata da yawa a cikinsu, sun rubuta rayuwarsu da aurensu yadda suka san shi kuma sun yi ƙoƙari sosai. Mu da muke waƙa da Hausa a sujada, muke addu'a da Hausa, muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, in muna son labarin soyayya irin namu sai mu koma na Turawa masu dusar ƙanƙara da kaboyi. Ina son in karanta saurayi ɗan ƙungiyar mawaƙa da ke raka budurwa gida bayan koyon waƙa na yamma, da dattawan ikilisiya da ake aikawa neman aure, da rigimar sadaki, da Kirsimeti a ƙauye da shinkafa da sabon ɗinki.

Jarumar tawa 'yar Wusasa ce, nas, kuma ita ma gado zai faɗo mata a babi na uku. Za ta fitar da zakka, za ta biya wa ƙaninta makaranta, sannan ta je ta sayi fili da sunanta ta haƙa ruwa ta ɗinka leshi mai tsada ta sa ranar Lahadi, mutane su yi ta magana. Samari biyu ne za su neme ta, ɗaya zai ce in dai tana ƙaunarsa ta mai da takardar filin da sunansa tunda shi ne kai, ɗayan kuma malamin sakandare ne mai tsohon babur wanda zai zo ya taya ta dasa mangwaro a filin bai taɓa tambayar nawa ta saya ba. Na biyun za ta aura, kuma har shafin ƙarshe ba zan sa ta nemi gafarar kowa a kan leshin ba.