Bangon Ningbo da ƙofar ɗakina a Yiwu

Watannina na farko a birnin Yiwu na ƙasar Sin, daga kasuwar Futian sai sito, daga sito sai ɗaki. Aikina in bi kayan 'yan kasuwarmu na Kano, in ƙirga kwalaye, in tabbatar an loda kwantena an tura tashar jiragen ruwa ta Ningbo. Rubutun Sinanci ya kewaye ni ta ko'ina, a bango, a ƙofa, a kan buhu, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba. Wannan ya fi sanyin hunturu damuna.

Akwai wani dattijo maƙwabcina da ke fita dandalin unguwa da sassafe, riƙe da buroshi mai tsawon sanda da ɗan bokitin ruwa. A kan daɓe yake rubutu da ruwa zalla, kafin ya kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Na tuna allona da ake wankewa a sake rubutawa. Ina ce masa laoshi, wato malam. Da bikin sabuwar shekararsu ya matso, sai ga shi da jar takarda da ya rubuta da hannunsa, zai liƙa mini a ƙofa. Na ɗan ja baya, na ce, "Laoshi, me aka rubuta?" Wayata ta fassara mana: a fita lafiya, a dawo lafiya. Addu'ar da mahaifiyata ke yi mini ke nan a bakin zaure. Ni na riƙe masa tsani.

Wata rana lodi ya yi jinkiri a Ningbo, na samu yini guda, na nufi gidan tarihin garin da aka buɗe a 2008. Wang Shu da matarsa Lu Wenyu ne suka zana shi. Daga nesa kamar dutse ne da ya tsage gida-gida. Da na matsa kusa na ga bangon tsofaffin tubala ne da fale-falen rufi, masu ruwan toka da ja da baƙi, an kwaso su daga ƙauyukan da aka rushe don faɗaɗa birni. Wapan suke kiran wannan ɗinki. Da shi mutanen yankin ke tada gida daga ɓaraguzai bayan guguwar teku ta wuce. Magina ne suka jera da idonsu, shi ya sa layukan ke kauri su sirance kamar bugun alƙalami. Wang Shu kansa mutum ne da bai rabuwa da buroshi da tawada. Wani sashen kuma kankare ne da aka zuba a jikin gora, gaɓoɓinta suka fito raɗau. A 2012 aka ba shi kyautar Pritzker ta zanen gine-gine, ɗan ƙasar Sin na farko da ya same ta. A ganina maginan nan ma sun cancanci rabi.

Na daɗe tafin hannuna na kan wani tubali da gefensa ya cinye. Ɗakin wani ne, an yi girki a jikinsa, an jingina. Zauren kakana a Zariya ya faɗo mini, da zankwayensa da dagin da ke goshin ƙofa. Shekarar da aka rushe shi aka sa bulo, ina cikin masu murna.

A jirgin ƙasa na kira ƙanena na tambaye shi ko akwai abin da ya rage. Ya ce azara biyu na bayan gida, ana shirin faskara su. Na ce, "Don Allah ka shigar da su ɗakin Inna, kar wanda ya taɓa sai na zo."