Madubin 8x ko 6x: wanne ya cancanci wuri a jakarka a PUBG Mobile?

'Yan wasa da yawa idan suka tsinci madubin 8x, wato madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga, sai su ji kamar sun riga sun ci wasan. Madubin yana da amfaninsa, amma amfanin ya taƙaita ga wasu bindigogi, wasu taswirori da wani ɓangare na wasan kawai. Wanda ya fi yi wa mutum aiki daga sauka har da'irar ƙarshe, wato lokacin da filin wasa ya gama tsukewa, shi ne 6x.

Abin da lambar ke nufi a fili yake. Mutumin da ke nisan mita 400, a cikin 8x za ka gan shi kamar yana mita 50. Sai dai ba shi kaɗai madubin ke ƙara wa girma ba. Duk wani zillo da bindiga ta yi, da duk rawar da yatsanka ya yi a kan gilashin waya, haka za su ninku a idonka. Faɗin filin da kake gani kuma ya tsuke, kamar mai leƙen waje ta kafar makulli. Kana can ka ƙura wa wani ido a kan tudu, abokinsa ya zagayo ta gefenka ba ka sani ba.

Ban da haka, 8x ba ya hawa kan M416 ko AKM. Bindigogin nesa kawai yake shiga, irin su Kar98k, M24, AWM, da masu harbi ɗai-ɗai kamar Mini14, SKS da SLR. Ana iya rage shi zuwa 4x. Shi kuwa 6x yana hawa kusan kowace babbar bindiga, har da UMP45 da DP-28, kuma ana rage shi zuwa 3x. Wannan ragin shi ne sirrinsa. Ka ɗora shi a M416 mai Compensator (abin rage zillo) a baki da mariƙin gaba da abin jingina na kafaɗa, ka saukar da shi zuwa 3x, za ka iya yi wa mutum ruwan harsashi a tsakanin mita 50 zuwa 150 bindigar ba ta kufce maka ba. In abokin gaba ya yi nisa, ka mayar da shi 6x, ka sauya bindigar zuwa harbi ɗai-ɗai. Kuskuren da aka fi yi shi ne danne maɓallin harbi alhali madubin na cike a 6x: harsashi uku na farko su tafi inda ake so, sauran duk sararin sama.

Inda 8x ke nuna kansa shi ne Miramar. Taswira ce mai kilomita 8 tsawo da 8 faɗi, hamada, ba ciyawa, ba itatuwan kirki, tuddai ko'ina. Wanda ya hau tudun da ke kallon garin Pecado da Kar98k da 8x zai wahalar da duk mai ratsa fili. A Erangel ma yana da rana, musamman a tsaunin Stalber da gadojin nan biyu da ke haɗa tsibirin Sosnovka da sauran ƙasa. A Sanhok, mai kilomita 4 da dajin da ya rufe ko'ina, da wuya ka sami layin harbi da ya wuce mita 200. Livik kuwa kilomita 2 ce kacal, wasan kusan minti 15, ɗaukar 8x a can cika jaka ne kawai.

Ko a inda ya dace, ganin mutum daban, samunsa daban. Harsashi a wannan wasan tafiya yake yi, kuma yana sunkuyawa ƙasa in tafiyar ta yi nisa. Na Kar98k yana gudun mita 760 a sakan ɗaya, wato yana buƙatar kimanin sakan 0.4 kafin ya kai mita 300. Mai gudu yana cin kusan mita 6 a sakan, don haka kafin harsashin ya isa ya riga ya matsa fiye da mita 2. In ka saita a jikinsa, bayansa za ka harba. Dole ka sa tsakiyar madubin a gabansa, ka kuma ɗan ɗaga sama. Mini14, mai gudun mita 990 a sakan, ta fi sauƙi a nan, shi ya sa ta fi dacewa da wanda bai gama ƙwarewa ba. Don sanin nisa, kowane ƙaramin murabba'i a taswira mita 100 ne, ko ka dasa alama a wurin ka karanta lambar da ta fito.

Sai batun hular kwano. Kar98k da M24 suna kayar da mai hular mataki na 2 da harbi ɗaya a ka. Mai mataki na 3 ba zai faɗi ba, sai da bindiga irin AWM, ita kuma a akwatin da jirgi ke jefowa ake samunta. Saboda haka kafin ka harba, yi amfani da madubin ka duba hular tukuna. In baƙar nan ce mai rufe fuska, ka jira abokinka ya saita ku harba tare, ko ka ƙyale shi.

Ƙyalewar ma dabara ce da ba a cika kulawa da ita ba. A wasan mutum huɗu, in ka kayar da wani daga mita 400, zai ja jiki ya shige bayan dutse, abokinsa ya jefa gurnetin hayaƙi, cikin sakan 10 ya tashe shi. Kai kuma ƙarar bindigarka ta riga ta tona wa duk tawagogin da ke kusa inda kake, sai fa in kana da abin rage ƙara. Harbin nesa yana biya ne idan mutumin yana tsakiyar fili ba maɓoya, ko da'ira na korarsa, ko kuma abokanka suna kusa da za su afka musu nan take. In ba haka ba, babban aikin 8x shi ne leƙen asiri: duba tagogin gida kafin a shiga gari, ganin ko an tare gada, gano motar da aka ajiye a bayan gini. Wasan ba ya zana ciyawa daga nesa, don haka mai kwance yana jin ya ɓuya, kai kuma kana ganinsa tsirara a ƙasa.

Saitin waya yana da nasa rabon. A cikin Sensitivity kowane madubi da ma'auninsa, a ƙarƙashin Camera da ADS (motsin madubi yayin harbi) da Gyroscope (saiti ta hanyar karkata waya). Ƙa'idar ita ce girman madubi, ƙarancin lamba. Kada ka kwafi lambobin wani, don girman gilashi da saurin waya sun bambanta. Shiga filin atisaye, ka saita 6x alhali yana 3x tunda haka za ka fi amfani da shi, ka harba cikakken gidan harsashi a bango daga nesa. In ramukan suna hawa sama, ƙara lambar ADS da biyu ko uku. In suna gangarowa ƙasa, rage. Ga Kar98k da ire-irenta, mayar da yanayin harbi zuwa Release, yadda harsashi ba zai fita ba sai ka ɗaga yatsa. Kunna Peek domin ka riƙa leƙowa ta gefen dutse ba tare da ka fito da dukan jikinka ba.

Masu wasa da data a wurin da sabis ke rawa su ƙara lura. In lambar ping, mai nuna jinkirin sabis, ta haura 150, ko wayar ta yi zafi hoto ya fara sarƙewa, harbin mai gudu da 8x asarar harsashi ne, gara a jira ya tsaya shan magani ko kwasar kaya.

Da zarar da'ira ta tsuke zuwa ta biyar ko ta shida, yawancin faɗa ba ya wuce mita 100. Nan ne za ka rage 8x zuwa 4x, ko ka cire shi gaba ɗaya da maɓallin Quick Scope Switch, ka tabbata bindigarka ta biyu na ɗauke da Red Dot, ƙaramin madubin faɗan kusa. In ka tsinci madubin gefe, wato Canted Sight, ɗora shi tare da 6x a M416, danna ɗaya ya isa ka koma faɗan kusa.