Mako na bakwai da fatsa: sai da na auna zurfin ruwa

'Yan'uwa masu koyon fatsa, sannunku da ƙoƙari. Fita biyar na yi a jere ina dawowa da kifi ɗaya ko biyu, wata rana ma hannu rabbana. A fita ta shida na kama tarwaɗa huɗu da karfasa bakwai, a gurbin da na saba zama, da irin tanar da na saba sakawa. Babban abin da na sauya shi ne tazarar da ke tsakanin ƙugiya da totuwa, wato ɗan abin nan da ake ɗaurawa a zare yana yawo a kan ruwa don ya nuna in kifi ya taɓa koto.

Da can da ka nake ɗaure totuwar, kamu ɗaya ko biyu sama da ƙugiya, in jefa in zauna jira. Ashe kotona a tsakiyar ruwa yake ta lilo, tarwaɗa kuwa a ƙasa take kiwo, tana lalube cikin laka da gashin bakinta. Yaya za a yi su haɗu?

Yanzu kafin in soka tana, sai in maƙala dalma mai ɗan nauyi a ƙugiya in jefa. Idan totuwa ta nutse, ruwan ya fi zaren da na bari zurfi, sai in matsar da ita sama. Idan ta kwanta a kan ruwa, zaren ya yi yawa, in rage. Haka zan yi ta yi har ta tsaya cak, kanta kaɗai ke leƙowa. Nan ne daidai ƙasa. Minti biyar aikin ke ci, kuma da shi na gano wani kwari taku kaɗan daga inda nake jefawa kullum. Duk tarwaɗun nan huɗu daga bakinsa suka fito. In karfasa nake nema, sai in ɗaga koton ya bar ƙasa kaɗan, in jefa kusa da ciyawar gaɓa.

Ƙugiya ma ta daɗe tana cutata. Lambarta a juye take: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Bakin karfasa ƙarami ne, da babbar ƙugiya sai ta yi ta tsattsagar tana har ta bar maka ƙarfe tsirara. Na koma lamba 10, tanar ma guntuwa nake sakawa. Tsinin kuma a farce nake gwada shi; in ya zame bai kama ba, na sauya.

Akwai wadda ta tsere mini, har yanzu abin na cin raina. Na janyo ta har na ga bayanta, ƙulli ya tsinke. Laifina ne, a bushe na ja shi. Zaren roba in aka matse shi a bushe, gogayya na ɗumama shi ya yi rauni. Ku jiƙa ƙulli kafin ku ja, don Allah.

Lokaci kuwa, sassafe da gab da magariba ne suka fi ba ni. In rana ta take, totuwa ko motsi ba ta yi. Na kuma daina buga ƙafa a gaɓa, domin kifi na jin girgiza ta wani layi da ke gefen jikinsa.

Abin da ya gagare ni shi ne ruwa mai gudu. Dalmata ba ta zama, igiyar ruwa na jan ta har ƙugiya ta maƙale a saiwa. Mako mai zuwa zan cire totuwa, in gwada dalma mai faɗi wadda zare ke zarcewa ta cikinta. Wanda ya taɓa gwada ta a cikinku, wane nauyi ya yi masa daidai?